Takun Sarkin Fito

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Tunau, mai Birnin Rafawa, Magorawa suka ƙetaro Kogin Ƙarari da rana tsaka, suka ƙone garuruwa huɗu, suka kora shanu masu yawa. Na ce da rana tsaka, don daga baya an sami manya masu rawani da suka riƙa rantsuwa wai abin sihiri ne. Babu sihirin komai. Ranar kasuwar Kuka ce. Dogarai talatin da aka girke a mashigin kogi, don su buga kuge in sun hango abokan gaba, sun bar wurin ba kowa, sun tafi kasuwa suna ƙwace tsire a hannun mahauta, suna shan furar da ba su saya ba.

Madawaki, shugaban mayaƙan birni, ya fita da ɗan abin da ya iya tarawa, ya cim ma Magorawa a fadamar Gora wajen la'asar. Aka gwabza cikin laka, dawakai suna nutsewa har gwiwa, 'yan baka na Magorawa suna zaɓar mutane daga cikin kyauro. Kafin rana ta faɗi mutum saba'in na Rafawa suna kwance, har da ƙanen Madawaki uwa ɗaya uba ɗaya. Magorawa suka koma hayinsu da shanu, ba wanda ya bi su.

Sarkin Dogarai a lokacin sunansa Ɓaidu, ƙato mai faɗin ƙirji da murya kamar ta jaki. Bai taɓa zuwa yaƙi ba. Jaruntarsa duk a kan masu tallar gyaɗa da tsofaffin da suka yi jinkirin kauce wa hanya take. Amma ba wawa ba ne. Ya san in aka tambayi wa ke tsaron mashigi, tambayar a ƙofar gidansa za ta tsaya. Saboda haka tun ba a gama binne mamata ba ya nemo wanda zai ɗora wa laifin. Ya aika aka kamo Anaruwa, Sarkin Fito, shugaban masu kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane kogi, dattijo ɗan shekara sittin da ɗoriya wanda ba shi da kowa a fada. Aka ce shi ya yi wa Magorawa fito. Aka kai shi bargar dawakan Ɓaidu, aka rufe ƙofa. Bayan kwana biyu Ɓaidu ya fito yana shelar cewa maci amana ya amsa laifinsa da bakinsa.

Ran da majalisa ta zauna, ungulu bakwai suka sauka a kan soron fada. Aka kira mai duban sarki, ya zana ƙasa, ya yi ta gyaɗa kai, ya ce cin amana ya shigo ƙasa ta kan ruwa. Ungulu dai, a bayan fada ake yanka dabbobi, ba ranar suka fara sauka ba. Mai duban kuwa a gidan Ɓaidu ya ci tuwon rana jiya.

To, a Rafawa akwai wata doka da ta girmi ganuwar birnin. Sarki Gijo, wanda ya kafa garin, ya taɓa sa aka sare kan amininsa a kan maganar dogari ɗaya, daga baya aka gane ƙarya ce. Sai ya kafa doka, ya la'anci duk jikansa da ya karya ta, ya ce ba zai ga kakar shekararsa ba. Duk wanda ake zargi da laifin da ke kai ga takobi, ba a taɓa shi sai rana ta fito sau uku bayan an kai maganarsa majalisa. A gidan Yari, mai tsaron kurkuku, ake ajiye shi, Sarkin Aska ya duba jikinsa a gaban shaidu. Ran shari'a a tuɓe masa riga a gaban sarki. In aka ga raunin da bai shigo da shi ba, duk abin da ya amsa ya faɗi, wanda ya tsare shi kuma shi zai amsa tambaya. Gijo ya kuma ƙirƙiro sarauta guda, Uban Ɗaurarru, wanda ba shi da aiki sai yin magana a madadin wanda aka kama.

Sarauta ce da ba doki, ba tambari, ba gari. Rabon mai ita ran Sallah ƙafar akuya ce, mazauninsa a majalisa kusa da inda ake tuɓe takalma. Waɗanda suka riƙe ta a baya-bayan nan sun fahimci abin da ake so da su: a yanke hukunci, su sunkuya su ce ya yi daidai. Amma wanda ke kanta a wannan zamani, Nomau, tsohon bafatake ne da ya ga garuruwa, ya ga yadda ake kashe mutane a kowannensu, kuma ya tsufa har ya daina jin tsoron rasa ƙafar akuya. Ga shi kuma taubashin Anaruwa ne, uwar wannan ƙanwar uban wancan ce.

A zaman majalisar nan Ɓaidu ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamaninka, Zaki. Dokar kakanka doka ce ta lokacin zaman lafiya. Yau jinin mutum saba'in bai bushe ba a fadamar Gora. Maci amana yana hannuna, ya amsa da bakinsa a gaban dogarai shida. Ka ba ni izini, kafin inuwa ta karkata in kawo maka kansa, birni ya huce.”

Waziri ya goyi bayansa da dogon jawabi, ya kawo labarin sarakunan gabas da na yamma da suka yi saurin hukunci suka zauna lafiya. Bai ambaci cewa 'yar ƙanensa tana gidan Ɓaidu ba. Madawaki bai ce komai mai tsawo ba. Ya ce shi dai yana son ya ga jinin wani, ko na wane ne. Sauran masu sarauta suka riƙa duban fuskar sarki don su san ra'ayinsu.

Sai Nomau ya miƙe daga wajen takalma. Ya tambayi Yari ko ɗaurarren yana gidansa, Yari ya ce bai gan shi ba. Ya tambayi Sarkin Aska ko ya duba jikinsa, ya ce ba a kira shi ba. Ɓaidu ya ce katangar gidan Yari ta tsage, shi ya sa ya ajiye shi a wuri mai ƙarfi. Yari ya buɗe baki, ya dubi Ɓaidu, ya rufe.

Nomau ya ce, “Ranka ya daɗe, jikan Gijo. Ni ban ce Sarkin Fito bai yi ba, ban ce ya yi ba. Abin da na sani, kakanka ya ba shi fitowar rana uku da bakin da zai yi masa magana. Bakin ga shi, ba haƙora, amma yana motsi. Kwanakin kuwa ba a hannuna suke ba. Kai ne kakanka ya yi wa alkawarin abin da zai biyo baya in aka hana su.”

Sarki Tunau mutum ne da ba ya tsoron zalunci, amma yana tsoron mutuwa ƙwarai. Gero ya fara fitar da kai a gonaki, kaka saura wata biyu. Ya yi ta wasa da gezar alkyabbarsa, sannan ya ce a ba da kwana ukun. Da Nomau ya roƙi a mai da ɗaurarren gidan Yari, sarki ya yi kamar bai ji ba, ya tashi. Maroƙa suka yi ta yabon adalcinsa har ya shige cikin gida.

Kwana biyu Nomau yana zuwa ƙofar Ɓaidu ana korarsa. Yau a ce Sarkin Dogarai yana barci, gobe a ce ya tafi da mabuɗi. Bai zauna jira ba. Ya hau jakin aro ya tafi Kuka, ya sami Sarkin Pawa, wanda ya lissafa masa sunan dogarai goma sha tara da suka ci masa nama ranar harin, a lokacin da inuwa take a ƙarƙashin ƙafa. Ya dawo ya sami Madawaki, ya tambaye shi yadda ya ga gawarwakin Magorawan da aka kashe a fadama. Madawaki ya ce jiƙe suke har ƙirji, kwarinsu ɗaure a ka. Nomau ya ce wanda aka ƙetarar a kwalekwale ba ya ɗaure kwarinsa a ka. Madawaki ya daɗe yana dubansa. A rana ta biyun aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a tsaunukan kudu, kogi ya kawo, ya shafe mashigi.

Da safiyar rana ta uku aka bar shi ya shiga bargar. Ya tarar da Anaruwa zaune a kan harawa, an yi masa aski, an sa masa wankakkiyar riga. Wannan ado shi ya fara ba Nomau tsoro. Ya ɗaga rigar, ya ga baya lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Amma ya lura taubashin nasa ya cusa ƙafafu a ƙarƙashin riga, bai motsa su ba. Ya janye rigar. Tafin ƙafafun sun kumbura kamar kabewa, sun yi baƙi, fatar tana sheƙi. Ɓaidu ya yi nazarin doka daidai hankalinsa: riga ake tuɓewa, ba wanda ke duba ƙarƙashin ƙafa. Saboda haka can ya sa aka riƙa bugu da gora.

Abin da Ɓaidu bai sani ba, dokar Gijo ba a tuɓe riga ta ƙare ba. Akwai taku. A da, ran shari'a, akan shimfiɗa farin rairayi daga zaure har gaban gadon sarki, taku arba'in, ba mai taka shi sai ɗaurarre. A kwance masa mari, ya tako shi kaɗai ba mai riƙe shi. In ya kasa saboda abin da aka yi masa a tsare, shari'a ta mutu. Sarakuna biyu a jere sun ga abin ɓata lokaci ne, dogarai suka koma jawo mutum su dire shi a gaban sarki kamar buhu. Ɓaidu ya shigo fada bayan an daina. Ba a soke dokar ba, tambayarta aka daina yi.

Nomau ya tsuguna ya ce, “Ka ji abin da za ka yi, taubashi. In aka ce ka taka, ka ɗaga ƙafa sau biyu, ka zube. Ka yi nishi yadda na bayan zaure zai ji. Shi ke nan wuyanka ya tsira.”

Anaruwa ya ce, “In zube a gaban Ɓaidu?”

“A gaban sarki.”

“Ɓaidu yana wurin. Kwana biyu yana dukana yana jiran in yi kuka, ban ba shi ba. Da ya ce zai kamo mutanena ɗaya bayan ɗaya ya yi musu haka, na ce na yi abin da ban yi ba. Wannan ya ishe shi. Yau kuma ka ce in ba shi a bainar jama'a abin da na hana shi a barga?”

Nomau ya ce masa tun suna yara kansa ya fi gindin kwalekwale tauri, kuma yau a cikin ƙwarya za a ɗauki wannan kan a kai wa sarki. Anaruwa ya ce ai dangin su Nomau ba su gaji komai ba sai faɗuwa ƙasa da gaisuwa, kada ya koya masa sana'ar gidansu da tsufa. Suna cikin haka dogarai suka shigo da jaki.

Fada ta cika har waje. Aka dire Anaruwa a bakin zaure, aka tuɓe masa riga, Sarkin Aska ya duba gaba da baya ya ce bai ga rauni ba. Dogarai shida suka ba da shaida da kalmomi iri ɗaya, har inda suke tsayawa su ja numfashi iri ɗaya. Nomau ya kawo maganar Sarkin Pawa, Waziri ya ce mahauci ba ya shaida a kan bayin sarki. Ya kawo maganar kwari a ka, Madawaki ya ce haka ne, ya gani, amma ya faɗe ta a hankali kamar wanda ake cire wa ƙaya. Ɓaidu ya ce duk wannan surutu ne, mutum ya amsa da bakinsa, jikinsa lafiya, me ya rage?

Nomau ya ce taku ya rage.

Ɓaidu ya waiwaya yana neman wanda zai gaya masa ma'anar maganar. Waziri, wanda ya ga ana yi yana yaro, ya sunkuyar da kai. Tsofaffin majalisa suka ce lalle akwai wannan, sarki kuma ya tuna da kaka, ya ce a kawo rairayi. Aka shimfiɗa, aka share shi sumul, aka kwance wa Anaruwa mari, dogarai suka ja da baya.

Ya dafa bango ya miƙe. Ya sa ƙafar dama, ya sa ta hagu. Nomau yana ta yi masa alama da ido, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Ya miƙe wuya kamar yana tsaye a kan jirginsa, gumi yana zubo masa, ya ci gaba. A taku na goma Ɓaidu ya yi dariya, ya ce jama'a su shaida, ga mutum yana tafiya kamar ango. Nomau ya zagi taubashinsa a ƙasa-ƙasa, zagin da ba a yi a fada.

Wajen taku na ashirin fatar ta fashe. Ba wanda ya ji komai daga bakin Anaruwa. Amma daga nan duk inda ya ɗaga ƙafa sai ya bar sawu ja a kan farin rairayi, cikakke, da yatsu biyar. Dariyar Ɓaidu ta tsaya. Anaruwa ya kai gaban gado, ya durƙusa yadda ake durƙusawa, ya ce Allah ya ja zamanin sarki, da murya kamar ya zo gaisuwar Juma'a.

Nomau bai yi jawabi ba. Ya roƙi sarki ya dubi rairayi.

Sai Waziri ya gyara murya, don irin wannan rana ake ciyar da shi. Ya ce doka ta ambaci wanda ya kasa takawa. Wannan kuwa ya taka arba'in cif, har ya yi gaisuwa, saboda haka abin da ya amsa yana nan daram. Jini kuma, wa ya sani, mai aikin ruwa ba ya rasa kaushi. Masu sarauta suka fara gyaɗa kai. Sarki ya dubi sawun kamar mai duban ɓarnar da aka yi a gonar wani. Lissafinsa ba mai wuya ba ne. In Sarkin Fito bai yi ba, to laifin na dogarai ne, wanda ya naɗa shugabansu kuwa shi ne, kuma su ne ke kwana a ƙofar ɗakinsa da takubba. Ya ɗaga hannu zai kira Hauni, mai sare kai.

A lokacin ne manzo ya shigo daga bakin kogi, laka har cinya, ya faɗi ba tare da jiran a yi masa iso ba.

Ya ce, “Allah ya ba ka nasara. Magorawa sun dawo hayi, sun ninka na wancan karo sau uku, ruwa ne kaɗai ya tsare su. Masu fito sun kwashe jiragensu duka, sittin da huɗu, sun koma tsibiri a tsakiyar kogi. Sarkin Magorawa ya aika musu da riguna da shanu. Ba su karɓa ba, ba su mayar ba. Sun ce a gaya maka suna jiran Sarkin Fito har faɗuwar rana. In ya zo, jiragen naka ne. In kansa ne ya zo, ko bai zo ba, za su yi abin da aka ce ya yi.”

Hannun sarki yana sama har yanzu. Ya sauke shi a hankali. Ya sake duban rairayi, sai ga shi yanzu ya ga jini. Ya miƙe tsaye cikin fushi, ya ce wane azzalumi ne ya yi wa bawan Allah haka a ƙasar Gijo? Waziri ya ce shi ma tun ɗazu abin yake damunsa. Masu sarautar da suka gyaɗa kai suka koma girgiza shi. Dogaran da suka yi shaida su suka fara cafke Ɓaidu, suka warware masa jan rawani, suka danne shi a ƙasa. Madawaki ya zare takobi ya ce a bar masa shi, sarki ya ce a sare shi nan take a ƙofar fada.

Ɓaidu, wanda ya ce doka ta zaman lafiya ce, ya riƙa kiran sunan Gijo yana kuka.

Nomau ya yi tsaki, ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ce ranka ya daɗe, wannan ma ɗaurarre ne. Fitowar rana uku, gidan Yari, Sarkin Aska ya duba shi, har ƙarƙashin ƙafa. Sarki ya ce har shi? Nomau ya ce shi ma ba don yana son ganin fuskarsa ba ne, amma in aka sare shi yanzu, an sare bakin da zai faɗi wanda ya ba shi shawara da waɗanda suka bar mashigi. Madawaki ya ji wannan, ya mayar da takobi kube, ya dubi Waziri. Yari ya ce katangarsa lafiya lau take, ya tafi da Ɓaidu.

Aka kawo dokin sarki da kansa. Aka naɗe ƙafafun Anaruwa da farin ƙyalle, mutum huɗu suka ɗora shi. Sarki Tunau, wanda bai taɓa raka kowa ba, ya biyo shi har ƙofar fada, ya yafa masa alkyabbarsa, ya yi masa alkawarin gari biyu. Sannan ya matso, ya rage murya, ya tambaye shi abin da zai gaya wa mutanensa in ya isa.

Anaruwa ya dube shi daga kan doki.

“Ba sai na yi magana ba, ranka ya daɗe. Su za su sauke ni. Za su kwance ƙyallen su gani.”

Ya juya linzami ya nufi kogi, Nomau yana biye a kan jakin aro. Rana ta riga ta karkata. Sarkin Rafawa ya tsaya a ƙofar fadarsa ba alkyabba, manyan ƙasa a bayansa, ba wanda ya iya ce masa ya koma ciki.